Jidda: Tukwanen da ke shayar da birni daga Bahar Maliya

Alhajin da ya sauka a Jidda ya kurɓi ruwan famfo, da wuya ya san cewa daga Bahar Maliya aka ɗebo shi. Birnin ba shi da kogi, ruwan sama kuwa sai jefi-jefi. Tun a shekarar 1907, zamanin mulkin Turkawa, aka kafa wata na'ura mai aiki da gawayin kwal domin dafa ruwan teku, wadda mutanen garin suka laƙaba wa suna Kindasa.

Magadanta su ne manyan tashoshi irin na Shu'aiba, kudu da Jidda, wadda ke tura ruwa har Makka da Ɗa'ifa. A ɓangarorin da ke aiki da zafi, tukunyar tururi ita ce zuciyar aikin. Tururin kan fara juya injinan lantarki, sa'an nan a kai shi ya dafa ruwan teku, a raba shi da gishirinsa.

To, sai dai abin mamaki, ita tukunyar ba ta shiri da ruwan teku ko kaɗan. Tataccen ruwa ake ba ta, wanda aka cire wa gishiri da iska. Idan bututun da ke raba tururi da ruwan teku ya huje, gishiri kan silale ya koma cikinta, ya ci ƙarfe, ya daskare a jikin bututai kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Daga nan zafi ba ya ratsawa sosai, mai ya riƙa ƙonewa a banza, bututu ya yi ja har ya fashe. Shi ya sa ma'aikata ke auna ruwan dare da rana, da na'urar da kan nuna ƙaruwar gishiri nan take.

Wutar ma da nata rigimar. Baƙin man da ake ƙonawa na ɗauke da farar wuta, tokarsa kuma kan manne wa bututai, sai an kakkaɓe ta da feshin tururi. Akan kuma auna iskar da ke cikin hayaƙi: in ta yi yawa zafi ya bi iska, in ta gaza mai ya ƙi cinyewa.

Babban gyara kuwa akan kauce wa yin sa a tsakiyar zafi ko lokacin aikin Hajji, domin tsayuwar tukunya ɗaya na rage ruwa da lantarki a lokaci guda. A 'yan shekarun nan Saudiyya ta karkata ga tace ruwa ta hanyar matsa shi cikin matata mai ƙananan ƙofofi, wadda ba ta buƙatar tukunya.