Dabaran, Tauraron da Ke Bin Kaza da 'Ya'yanta

Dabaran tauraro ne mai launin ja-ja wanda ake gani da ido, ba sai da madubin hangen nesa ba, musamman a dararen hunturu, inda yake fitowa a bayan gungun Surayya da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Daga wannan bibiya ya samo sunansa, domin a Larabci al-Dabaran na nufin mai bin baya, kuma shi ne na huɗu cikin masaukan wata 28 da malaman hisabi a ƙasar Hausa ke lissafin yanayi da su. A 1603 masanin taurari Bajamushe Johann Bayer ya laƙaba masa Alpha Tauri, wato mafi haske a burujin Sa, amma sunan Larabcin ne ya fi zama a bakin mutane.

Masana suna sa shi cikin ƙattin taurari, wato waɗanda suka ƙone iskar haidurojin da ke tsakiyarsu, sai suka kumbura ƙwarai, fuskarsu kuma ta huce. Faɗinsa ya ninka na Rana kusan sau 44, alhali nauyinsa bai ɗara nata da yawa ba, kuma zafin fuskarsa kimanin digiri 3,600 ne a ma'aunin Salshiyos, na Rana kuwa 5,500, abin da ya jawo masa wannan launi. Duk da haka, saboda girman jikinsa, haskensa ya ninka nata sau ɗaruruwa, kuma wannan haske yakan shafe kusan shekara 65 a hanya kafin ya iso duniya.