Jaririn Riƙo a Amurka: Wa Ke Biyan Asibiti Kafin Alƙali Ya Sa Hannu?

A Amurka, inda kwana ɗaya a sashen kula da bakwaini kan lashe dubban daloli, ma'auratan da ke shirin karɓar jariri riƙo sukan sha jin cewa kamfanin inshora ba zai san da zaman yaron ba sai ranar da alƙali ya tabbatar musu da shi. Tabbatarwar kuwa a jihohi da dama takan kai wata shida ko fiye.

Wannan zance ba gaskiya ba ne. Tun 1993 majalisar dokokin ƙasar ta toshe wannan ƙofa: duk inshorar wurin aiki da ke ɗaukar 'ya'yan ma'aikata, dole ta ɗauki yaron da aka danƙa wa ma'aikaci don riƙo, daidai da ɗan cikinsa, ko kotu ta kammala ko ba ta kammala ba. Ranar da doka ke dubawa ita ce ranar da nauyin ci da sha da maganin yaron ya hau kan mariƙa a hukumance. A 1996 dokar HIPAA ta ba su kwana 30 daga wannan rana su shigar da sunansa, kuma inshorar za ta koma baya ta fara lissafi daga ranar danƙawar. Masu sayen inshora da kansu a kasuwar inshorar da dokar Obamacare ta kafa kwana 60 gare su.

Ɓarnar jita-jitar a nan take. Wanda ya gaskata ta ya zauna jiran kotu, kwana 30 za su wuce shi, kuma mai yiwuwa sai lokacin rajistar shekara, galibi can ƙarshen shekara, zai sake samun dama.

Akwai masu cewa in an haifi yaron da ciwon zuciya, ko da laulayin ƙwayoyin da uwar ta sha da ciki, kamfani zai ƙi shi. Shi ma babu shi. Dokar 1993 ta hana, Obamacare kuma ta rufe zancen ga yara tun 2010.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin haihuwa da danƙawa akwai 'yan kwanaki, domin jihohi da yawa ba sa barin uwa ta sa hannun sallama nan take: awa 48 a Texas, awa 72 a Ohayo. Waɗannan kwanakin ne sukan fi tsada, kuma dokar tarayya ba ta ɗora su a kan inshorar mariƙa ba. Wasu jihohi, kamar Fulorida, sun wajabta biya tun daga haihuwa muddin an rubuta yarjejeniyar riƙon kafin a haihu, amma manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansu daga asusunsu dokar jiha ba ta hawa kansu. Abin da kan cike giɓin shi ne Medicaid, shirin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, wanda ke biyan kusan haihuwa 4 cikin 10 a ƙasar. In uwa tana cikinsa ranar da ta haihu, jaririn ya samu shekara guda kai tsaye, kuma tun 2009 ba sharaɗi ba ne ya zauna a hannunta.

Kuɗin haihuwar uwar kuwa, kada mariƙi ya sa rai. Ba iyalinsa ba ce, don haka inshorarsa galibi ba ruwanta. Ko tata inshorar ta biya, ko Medicaid, ko aljihunsa.

A ganina abin da ya fi raya jita-jitar takarda ce. Asibiti kan rubuta yaron da "jariri namiji" ko "jaririya mace" haɗe da sunan dangin mahaifiyarsa, haka yake a ɗan zoben robar da ke ƙafarsa, haka yake a takardar kuɗi. Mariƙa kuma sun shigar da shi inshora da sunan da suka raɗa masa. Kwamfuta ta duba, suna bai zo ɗaya ba, sai ta dawo da takardar. Mai gida ya buɗe ambulan ya ga an ƙi biya, ya ce to, ai dama an faɗa. Nan ba kotu ake jira ba. Takardar danƙawa daga hukumar riƙon ko lauya za a tura wa kamfanin da ofishin kuɗi na asibitin, a haɗa sunayen biyu, a sake turo lissafin.