Ruwa da Mai: Yadda Ake Haɗa Man Shafawa



Ɗari ya shigo. Fata ta bushe, ƙafafu sun yi faso, leɓunan yara suna tsagewa. Mata da yawa suna so su haɗa man shafawa a gida, don iyali ko don sayarwa. Yau za mu yi bayanin man shafawa mai laushi, wanda ake yi da ruwa da mai.

Me ya sa ake sa ruwa? Ruwa shi ke jiƙa fata. Mai shi ke rufe ta, ya hana ruwan fita. Kowane da aikinsa.

Amma ku gwada wannan. Ku zuba ruwa da man gujiya cikin kwalba, ku girgiza, ku ajiye. Ba da jimawa ba mai zai hau sama, ruwa ya koma ƙasa. Ba su zama tare sai da mai shiga tsakani.

Kun san irinsa. In hannu ya yi maiƙo, ruwa kaɗai ba ya fidda shi, sai an sa sabulu. Sabulu kamar mai hannu biyu ne: ɗaya ya kama mai, ɗaya ya kama ruwa. Amma ba a sa sabulu a man shafawa, don yana busar da fata. Akwai wani farin kaki da aka yi domin wannan aiki. Mu kira shi kakin haɗi. A jikin takardarsa za ku ga an rubuta "cire émulsifiante" da Faransanci. Kakin zuma yana sa kauri, amma shi kaɗai ba ya riƙe ruwa mai yawa.

Ga awo na giram 100. Ku rubuta a littafinku:
Ruwa, giram 70.
Man kaɗe, giram 12.
Man riɗi, giram 12.
Kakin haɗi, giram 5.
Maganin hana lalacewa, wanda ake rubutawa "conservateur", giram 1.

Ga yadda ake yi.

Da farko, a wanke hannu da kwanoni da cokali da sabulu, a ɗauraye kayan da ruwan zafi.

Na biyu, a tace ruwa a tafasa shi, sannan a auna.

Na uku, a zuba man kaɗe da man riɗi da kaki cikin kwano. A ɗora kwanon cikin tukunya mai ruwan zafi har su narke. Kada a sa shi bisa wuta kai tsaye, mai zai ƙone.

Na huɗu, ruwa da mai su kasance da zafi ɗaya, wajen digiri 70. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ke nan 70 zafi ne mai tururi wanda bai kai tafasa ba. In ruwan ya yi sanyi, kaki zai daskare, haɗin ya yi gudaji.

Na biyar, a haɗa su sannu sannu, ana burgawa da ƙarfi da maburgi mai tsabta. Haɗin zai yi fari kamar madara. A ci gaba da burgawa har ya huce.

Na shida, sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 40 sannan a sa maganin hana lalacewa. A zuba a gwangwani mai murfi, a rubuta ranar da aka yi.

Yanzu ku saurara da kyau, ƴan'uwa. Duk abin da ruwa ya shiga yana lalacewa, kamar miyar da ta kwana. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a ciki tun ido bai gani ba. In aka shafa bisa faso ko kusa da ido, ana iya samun ciwo. Turare ba ya kashe su. In ya yi wari, ko fumfuna, ko ruwa ya fito daban, a zubar, kada a sayar.

Wadda ba ta samu maganin ba, ta bar ruwa gaba ɗaya. Ta narkar da man kaɗe da ɗan kakin zuma. Wannan yakan yi watanni bai lalace ba, kuma yana da kyau ga faso. Kowane iri aka yi, a fara gwada kaɗan a hannu, a jira kwana ɗaya.

Ga aikin gida. In Hajiya tana son giram 500, giram nawa na ruwa za ta auna? Nawa na kaki? Ku yi lissafi, ku nuna ma malaminku.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.