Yarinyar da Ta Ture Kwanon Tuwo: Gaskiya da Shaci-faɗi

Daga Yakasai har Mandawari, in budurwa ta fara ƙin abinci tana ramewa, kafin a kai ta asibiti an gama yanke hukunci a tsakar gida: aljanu ne, ko kambun baka, ko yangar 'yan boko. Wasu ma cewa suke ciwon Turawa ne, mu nan yunwa muka sani.

Wannan ba haka ba ne. Cutar ƙin cin abinci da ta ci ba ƙaƙƙautawa ana samun su a ƙasashen masu hali da na talakawa, kuma ba su bar maza ba. Ta ƙin cin tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, domin in jiki ya tsiyaye zuciya kan gaza.

Maganar da ta fi yi mana illa ita ce, "Ai yaro ne, zai manta." A 1985 wani likita a San Diego ta Amurka, Vincent Felitti, ya lura masu ƙiba na guje wa asibitinsa daidai lokacin da suka fara raguwa. Da ya zauna da su, sai ya tarar da yawansu an yi lalata da su suna ƙanana, abinci ya zame musu mafaka. Daga nan aka bincika mutum fiye da 17,000, sakamakon farko ya fito a 1998: gwargwadon duka, cin zarafi da rikicin gida da mutum ya sha a yarinta, gwargwadon haɗarin ƙiba, ciwon damuwa da ciwon zuciya in ya girma. Yaro ba ya mantawa, shiru kawai yake yi.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Ba duk mai wannan cuta aka zalunta ba, don haka a daina nuna uwa da yatsa. Gado na da hannu, haka gorin jiki. Dubi 'yan matan da ke haɗiyar sha-ka-fashe saboda an ce musu sillan kara. Cin farar ƙasa kuwa sau da yawa da ƙarancin jini yake tafiya, a je a auna.

Ana warkewa? Ƙwarai, musamman in an tari abin da wuri. Addu'a ba ta hana ganin likita, ga sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, ga asibitin Dawanau. Iyaye, a ajiye bulala da ɗure. A zaunar da yarinyar a keɓe, a tambaye ta abin da ke damunta, sannan a kai ta asibiti.