Kiwon ƙaramar mesa: Yadda ake ciyar da ita ba tare da ta haɗiyi shimfiɗar makwancinta ba

Kontagora, Jihar Neja

Abubuwa uku ne suka fi sauƙin samu a Kontagora ga mai neman abin da zai shimfiɗa wa dabba: garin katako daga wurin masu yankan katako, ɓuntun shinkafa daga injinan casa, da yashi daga bakin rafi. Masu kiwon kaji sun daɗe suna amfani da biyun farko, kuma suna biya musu bukata. Amma ga wanda ya ajiye mesa a akwati, waɗannan ukun na cikin shimfiɗun da suka fi haɗari, domin maciji ba ya iya raba abincinsa da abin da ya manne a jikin abincin.

Ajiye maciji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gardawa sun jima suna yawo da su kasuwa-kasuwa cikin akwati ko ƙwarya, ga kuma gidajen namun daji irin na Audu Bako da ke Kano. A Amurka da Turai kuwa, ƙaramar mesa na sahun gaba cikin macizan da ake kiwo a gida don sha'awa, kuma asalinta duka daga nan nahiyar Afirka ne.

Wace ce ƙaramar mesa?

Masana kimiyya na kiranta Python regius. Ta bambanta da babbar mesa da aka fi sani, wadda kan wuce mita huɗu har ta haɗiyi akuya. Ita wannan yawanci tsawonta tsakanin mita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa, kuma idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya.

Ana samunta tun daga Senegal har zuwa Yuganda, a dazuzzuka masu ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin wanda ya kewaye Kontagora da ɓangaren Zugurma na gandun dajin Kainji. Da rana takan fake a ramin ɓera ko tsohon suri, sai dare ya yi ta fito farauta. A leɓenta na sama akwai ƙananan ramuka da take jin ɗumin jikin ɓera ko tsuntsu da su ko a cikin duhu.

Dabba ce mai tsawon rai. A hannun mai kula takan yi shekara 20 zuwa 30. A shekarar 2020, wata da ke gidan namun dajin birnin St. Louis na Amurka ta yi ƙwai bakwai tana da kimanin shekara 62. Wanda ya ɗauke ta ya ɗauki nauyin shekaru masu yawa ke nan.

Dalilin da ya sa take haɗiyar shimfiɗa

Mesa ba ta tauna. Idan ta cafki ɓera sai ta naɗe shi ta matse har ya mutu, sannan ta lalubo kansa ta fara haɗiya. Muƙamuƙinta na ƙasa ɓari biyu ne da jijiya mai talewa ta haɗa, kowane ɓari na motsi shi kaɗai, haƙoranta kuma sun lanƙwasa ne zuwa ciki. Da haka take jan kanta bisa abincin sannu a hankali, tana jiƙa shi da miyau don ya zame.

A nan matsalar take. Haɗiyar kan ɗauki mintoci masu yawa, kuma duk tsawon lokacin ana jan ɓeran ne a ƙasa. Jiƙaƙƙen gashi kuwa ba abin da ba ya kwasa. Mesa ba ta da hannun da za ta kakkaɓe, ba ta kuma iya tofarwa yadda kare ko kyanwa ke yi, saboda haƙoran da aka yi su don hana abinci komawa baya.

Cikinta na da ƙarfin narkar da nama har da ƙashi, amma ba ya narkar da katako, ɓuntu ko yashi. Waɗannan sai dai su bi hanji su fita tare da kashi, ko kuma su taru su toshe hanya.

Ba kowace ƙwaya ke kisa ba

A daji ma mesa kan haɗiyi ɗan ƙasa da guntun ganye tare da abincinta, ta kuma fitar da su lafiya. Saboda haka ganin 'yan ƙwayoyin shimfiɗa a bakinta ba abin tayar da hankali ba ne. Haɗarin na zuwa ne ta fuska uku.

Na farko shi ne yawa da maimaituwa. Yashi da garin katako mai laushi kan manne da yawa, kuma idan haka na faruwa a kowace ciyarwa sai su cure a hanji. Na biyu shi ne kaifi da girma. Ɓuntun shinkafa na da tsini da kaushi, tsagin katako kuma kan soki dasashi ya bar rauni, raunin ya ruɓe ya zama ciwon baki mai hana cin abinci. Tsumma da takarda mai laushi su ma abin tsoro ne, domin idan gefe ɗaya ya manne da ɓera, mesa kan haɗiye su gaba ɗaya.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne halin da jikin mesar ke ciki. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake samu. Idan wuri ya yi sanyi, narkar da abinci kan yi jinkiri, idan kuma ruwa ya yi ƙaranci a jiki, kashi kan bushe ya ƙi tafiya. Abin da lafiyayyar mesa za ta fitar cikin sauƙi da damina, shi ne zai iya maƙale wa wadda ta sha sanyin dare da busasshiyar iskar hunturu a watan Disamba ko Janairu.

Garin katako na da wani aibin na dabam. Na wurin masu yanka gauraye yake daga itatuwa iri-iri, wasu masu ƙaro mai ƙarfin ƙamshi, wani lokaci kuma da baƙin man inji ko maganin gara a ciki. Ƙurarsa na cutar da numfashin maciji ko da bai haɗiye shi ba.

Shimfiɗar da ta dace

Mafi aminci kuma mafi arha ita ce tsohuwar jarida ko takarda mai kauri, a shimfiɗa ta falle-falle ba tare da an yayyaga ba. Ba ta mannewa, ana ganin kashi a kanta nan take, sauya ta kuma ba wuya. Masu kiwo a ƙasashen waje kan yi amfani da ɓawon kwakwa da aka daddatsa saboda yana riƙe danshi. Wanda ya zaɓi irin wannan, to ya tabbata akwai shamaki tsakanin abinci da ƙasa a duk lokacin ciyarwa.

Matakan ciyarwa

Shamakin ba wani abu mai tsada ba ne. Faffaɗan faranti, murfin roba ko fallen kwali mai kauri ya isa, muddin ya fi tsawon ɓeran faɗi sosai, domin mesa kan mirgina da abin da ta kama. A ajiye shi a akwatin tun da yamma don ta saba da shi.

Abincin ya zama matacce kuma busasshe. Ɓera mai rai kan kare kansa, ya ciji mesa a ido ko a baya, guje-gujensa kuma shi ke tayar da shimfiɗa. Idan daskararre ne daga firji, a sa shi cikin leda a ɗaure, a tsoma ledar a ruwan ɗumi har ya saki ciki da waje, ta yadda ruwa ba zai taɓa gashinsa ba. Idan ya jiƙe, a tsane shi. Wanda ya narke saboda ɗaukewar wuta sannan ya sake daskarewa, a zubar da shi.

Kaurin abincin kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin mesar. Ƙarama kan ci duk bayan kwana biyar zuwa bakwai, babba kuma duk bayan kwana 10 zuwa 14. A miƙa mata da dogon hantsaki, ba da hannu ba, a saitin farantin, bayan faɗuwar rana. Da zarar ta kama, a ja da baya a bar ta, domin mesar da aka dama kan ja abincinta zuwa lungu, ta cikin shimfiɗar da ake gudu.

Wasu kan fitar da maciji zuwa wani akwati marar shimfiɗa don ciyarwa. Dabarar na kawar da matsalar shimfiɗa, amma ƙaramar mesa dabba ce mai tsoro. Sauya mata wuri kan sa ta ƙi ci, ɗaukarta da cikakken ciki kuma kan sa ta amayar da abin da ta ci. Shi ya sa ciyarwa a makwancinta bisa faranti ta fi dacewa. Bayan ta ci, kada a taɓa ta sai an yi kwana biyu.

A kula da ɗumi da ruwa. Gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salsiyas, ɗayan kuma ya ɗan fi sanyi, kamar 25 zuwa 27, don ta zaɓi inda take so. Danshin iska ya kai kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Da hunturu a sa mata faffaɗan kwanon ruwa, da bazara kuma a nisanta akwatin daga rana da zafin kwanon rufi.

Idan ta riga ta haɗiya

Kada a taɓa jan abinci daga bakin mesa, domin haƙoranta za su karye, maƙogwaronta kuma ya yage. Idan babban tsagi ne a gefen baki, a jira ta gama haɗiya sannan a zare shi a hankali da matsefata. Ƙananan ƙwayoyi kuwa a bar su, sau da yawa takan goge bakinta ko ta sha ruwa su tafi.

Ƙin cin abinci kaɗai ba ya nuna toshewar hanji, domin ƙaramar mesa kan yi makonni ba ta ci ba, musamman lokacin sanyi ko idan za ta yi saɓa. Farin abu mai kama da alli da ke fita tare da kashinta shi ma fitsarinta ne. Alamomin da ke bukatar gaggawa su ne kumburi mai tauri a kusa da wutsiya, yunƙuri ba tare da kashi ya fito ba, amai fiye da sau ɗaya, kasala, ko kumburin baki mai wari.

Jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi, wanda bai shanye bayanta ba, na minti 15 zuwa 20 kan taimaka. Amma kada a ɗura mata mai ko maganin wankin ciki, kada kuma a matsa cikinta, domin mai kan faɗa huhu, matsi kuma kan fasa hanji. Idan ba sauƙi, a nemi likitan dabbobi. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, su ne inda ya kamata a dosa idan abin ya kai ga ɗaukar hoto ko tiyata.

Lafiyar mutanen gida

Kamo ɓeran gida ko na rumbu don ciyar da mesa ganganci ne. Wataƙila ya ci shinkafar ɓera, gubar ta bi ta kashe mesar. Mafi muni kuma, wani nau'in ɓeran da ke shiga gidaje shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, wadda kan fi tsananta da rani. A nemi fararen ɓerayen da ake kiwo, ko 'yan tsaki daga gonar kaji mai tsafta. Macizai kan ɗauki ƙwayar cutar Salmonella mai sa gudawa da zazzaɓi, don haka a wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, farantin mesa kuma kada ya shiga cikin kwanukan gida.

Kada kuma wanda bai ƙware ba ya kai hannu ga maciji a daji da zaton mesa ce. Kasa ma gajeriya ce mai kauri da zane a jiki, dafinta kuwa na kisa.

Doka da makomar mesar

Ƙaramar mesa na cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke ciki, ma'ana ba a fitar da ita ƙetare sai da izini. A cikin gida an kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016, kama kowace dabba a gandun daji na ƙasa kuma laifi ne. Binin da Togo da Gana su ne kan gaba wajen fitar da ita, kuma yawan kamun ya sa ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin dabbobin da ke dab da shiga haɗari.

Manomin da ya ci karo da ita yana sharar gona, abin da ya fi masa amfani shi ne ya bar ta ta wuce, domin ɓerayen da take ci su ne masu ɓarnar masara da shinkafarsa. Wanda kuwa ta riga ta shiga hannunsa, haƙƙinta ya hau kansa: fallen jarida a ƙasa, faranti a ƙarƙashin abinci, busasshen ɓera mai tsafta, da ɗumi da ruwa a kowane lokaci.