Filash: Ɗan Aiken Da Muka Mai Da Shi Rumbu

Da wuya mutum ya shiga shagon buga takardu a bakin wata jami'a, ko ofishin sakatare, ko motar haya mai rediyon zamani, ya fito bai ga filash ba. Ɗalibi ya kawo kundin bincikensa a ciki za a buga masa, akanta ya zuba lissafin albashin ma'aikata, direba ya cika nasa da ƙira'a da wa'azi da waƙoƙi, mai ɗaukar hoton biki ya miƙa wa dangin amarya hotunansu a ciki. Abin bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ba ya son batir, ba ya jiran sabis, ana rataya shi a jikin makulli a kama gaba. Wannan sauƙin ne ya sa muka ɗora masa nauyin da ba don shi aka ƙera shi ba. Filash ɗan aike ne, aikinsa ya ɗauki saƙo daga wannan kwamfuta ya kai waccan. Mu kuwa mun mai da shi rumbu, muna zuba masa wahalar shekaru ba tare da kwafi a wani wuri ba, ranar da ya ƙi buɗewa sai a hau salati. Yawancin asarar da ake tafkawa ta dalilin filash daga nan take tasowa, kuma tarihinsa da yadda cikinsa yake sun isa hujja.

Kafin shekarar 2000, wanda zai kai fayil daga kwamfuta zuwa wata sai ya nemi faifan filofi, mai ɗaukar megabait 1.44 kacal, abin da hoto ɗaya na wayar yau ya fi ƙarfinsa. Faifan CD ya fi shi ciki, megabait 700, amma sai da na'urar da ke rubutu a kansa, kuma yawancinsa sau ɗaya ake rubutawa. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifi filash. Na farko ma'ajiyar bayanai da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta, wadda Fujio Masuoka, injiniya a kamfanin Toshiba na Japan, ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Nau'in da ake sa wa filash a yau, mai suna NAND, a 1987 aka gabatar da shi. Na biyu ƙofar USB, wadda gungun kamfanoni da suka haɗa da Intel da Microsoft da IBM suka fitar a 1996, don na'urori su riƙa shiga kwamfuta ta kafa iri ɗaya. A 1999 kamfanin M-Systems na Isra'ila, ƙarƙashin Dov Moran, ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira kan haɗa su biyun, a ƙarshen 2000 kuma IBM ya fara sayar da shi, mai ɗaukar megabait 8. A shekarar dai kamfanin Trek na Singafo ya fito da nasa, Netac na ƙasar Sin shi ma ya ce shi ne na farko. Duk da wannan jayayya, abu ɗaya suke nema: magajin filofi, abin da za a sa a aljihu a kai saƙo. Daga baya ne cikinsa ya yi ta girma, har a 2013 kamfanin Kingston ya fito da mai terabait ɗaya, ninki 125,000 na wancan na farko. Girman cikin nan ne ya ruɗe mu. Da ya zama yana iya ɗaukar duk abin da mutum ya mallaka, sai muka fara bar masa komai.

A buɗe filash za a tarar da muhimman gutsattsari biyu: ma'ajiyar kanta, da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai tsara shige da fice. Ma'ajiyar biliyoyin ƙananan ɗakuna ce da ido ba ya gani, kowanne ana tsare 'yan ƙwayoyin lantarki a cikinsa bayan wani siririn bango, yawan abin da aka tsare shi ake karantawa a matsayin bayani. Duk sa'ad da aka goge aka sake rubutawa, sai an tura ƙwayoyin nan ta cikin bangon da ƙarfi, bangon kuma yana cinyewa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa kowane ɗaki yake da iyakar gogewa. Nau'i mai tsada yakan jure har sau 100,000, amma masu arahar da suka cika kasuwa, waɗanda ake cusa wa ɗaki ɗaya bayani ninki uku ko huɗu, daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai suke tsayawa. Ko an ajiye shi ba a taɓa ba, lantarkin da ke tsare yana tsatsafa a hankali kamar ruwa a sabuwar randa, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda yakan haura digiri 40, ya san abin da filash ɗin da aka bari a gaban mota yake sha. Ga kuma ƙwaƙwalwar: in ta mutu, bayanan suna nan amma babu hanyar isa gare su sai a hannun ƙwararru, da kuɗi mai yawa. In aka fizge shi yana tsakiyar rubutu, ko wuta ta ɗauke a daidai lokacin, jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake yana iya dagulewa, kwamfuta ta ce sai an wanke shi tas. Mafi muni, ba ya ciwo kafin ya mutu. Jiya ya buɗe, yau ya ƙi.

Wannan fa a kan na gaskiya ake magana. Kasuwa cike take da jabu, kuma ya kamata a bambance abu biyu. In an sayi mai gigabait 64 kwamfuta ta nuna 59 ko ƙasa da haka kaɗan, ba cuta aka yi ba. Masana'anta da 1,000 suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024. Cuta ita ce a ɗauki mai gigabait 8 a koya wa ƙwaƙwalwarsa ƙarya, ta riƙa gaya wa kwamfuta cewa 128 ne. Zai karɓi duk abin da aka tura masa, sunayen fayiloli su jeru reras, alhali da ainihin cikinsa ya cika, sabon kaya yana hawa kan tsoho ko yana zubewa a banza. Mai shi ba zai sani ba sai ranar da ya zo buɗewa. Gwajin ba wuya: a cika sabon filash da bidiyoyi har wuya, a zare, a mayar, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe; ko a gwada shi da manhajar H2testw, wadda kyauta ce. In farashi ya yi arahar da hankali ba zai ɗauka ba, a tuna araha ba ta ado.

Ɗan aike gida-gida yake shiga, don haka abin da ya taka a wani gida yakan shigo da shi wani. Masu zirga-zirga a shagunan buga takardu sun san bairos ɗin nan mai ɓoye foldojin mutum ya jera na bogi a madadinsu, wanda duk aka latsa sai ya kama kwamfuta, ita kuma ta shafa wa kowane filash da ya biyo baya. Manyan ƙasashe ma ba su tsira ba. A 2008 wani filash mai cuta da aka soka a laftof a wani sansanin sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya ya kai cutar har cikin hanyoyin sadarwarsu na sirri, sai da ma'aikatar tsaron ƙasar ta hana amfani da filash na wani lokaci. A 2010 aka gano Stuxnet, manhajar ɓarna da aka tsara ta bi filash ta isa kwamfutocin da ba su haɗe da intanet, wadda ta lalata na'urorin tace yuraniyom kusan 1,000 a Natanz ta ƙasar Iran. A wani bincike da aka wallafa a 2016, masana sun watsar da filash 297 a harabar Jami'ar Illinois don su ga abin da mutane za su yi. Kusan rabi an tsince su, an soka a kwamfuta, an buɗe abin da ke ciki. Darasin a fili yake: ganuwa duk tsayinta ba ta tare abin da mai gida ya ɗauko da hannunsa ya shigo da shi.

Akwai kuma batun amana, domin sau da yawa abin da ke cikin filash na wasu ne. A Yunin 2022 wani ma'aikacin kwangila a birnin Amagasaki na Japan ya ɓatar da jaka mai ɗauke da filash da ke ƙunshe da sunaye da adireshi da wasu bayanan mazauna birnin su kimanin 460,000. An yi sa'a an kulle bayanan da kalmar sirri, an kuma samu jakar daga baya. A 2017 kuwa wani mutum ya tsinci filash a titi a Landan, babu kulle babu komai, cike da bayanan tsaron filin jirgin sama na Heathrow, har hukuma ta ci tarar filin fam 120,000 a shekarar da ta biyo. Sakacin iri ɗaya ne, kulle ne ya raba sakamakon. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ko babu doka, malamin asibitin da ke yawo da bayanan marasa lafiya a aljihu, ko jami'in jarrabawa mai ɗauke da sakamakon ɗalibai, asirin bayin Allah yake riƙe da shi.

Wani zai ce, in haka ne a jefar da filash mana, tunda ga Google Drive ga WhatsApp ga imel, kuma IBM da ya fara sayar da shi ya hana ma'aikatansa amfani da irinsa a 2018. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa. Amma a Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara na makonni da dama saboda matsalar tsaro, aka kuma yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da ofisoshi suka gamu da cikas a Najeriya da Ghana da maƙwabta. A farkon 2025 an amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Najeriya. Wanda zai kai bidiyon biki mai gigabait 20 daga Fagge zuwa Sabon Gari a Kano, filash ya fi masa sauri da araha nesa ba kusa ba. Mai gyaran kwamfuta da filash yake sa wa wadda ta mutu sabuwar Windows. A ƙasar Kuba, inda intanet ya daɗe yana da wuyar samu, an gina kasuwa sukutum a kan wani ƙunshin fina-finai da labarai mai kimanin terabait ɗaya da ake rarrabawa hannu da hannu duk mako, kamar yadda masu turi a kasuwannin waya na Kano suke zuba wa mutane fim da waƙa. Ɗan aiken da ba ya neman izinin kamfanin waya yana da sauran aiki a ƙasashenmu.

Wani kuma zai ce nasa filash ɗin ya shekara goma bai taɓa ba shi kunya ba, kuma ba kowa ke da kuɗin sayen babban faifan ajiya ba. Gaskiya ne akwai filash masu tsawon rai, sai dai babu wanda ke iya duban nasa ya faɗi ranar mutuwarsa, kuma tsawon ran ba ya hana shi faɗuwa a Keke Napep ko shiga ruwan wanki a aljihun riga. Gaskiya ne kuma babban faifai yana mutuwa, kwamfuta ana sace ta, asusun intanet ana manta kalmar sirrinsa. Wannan ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi, domin ainihin haɗarin shi ne zaman kwafi ɗaya tilo, a ko'ina yake. Masana ajiyar bayanai suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Filash yana iya zama ɗaya cikin ukun, babu laifi. Batun kuɗi kuwa, kundin digiri mai shafi ɗari da wuya ya wuce 'yan megabait, tura wa kai shi ta imel bai kai kuɗin sake buga babi ɗaya ba.

Abin da ake nema daga mai filash bai taka kara ya karya ba. Ya saya a hannun wanda zai iya komawa wurinsa, ya gwada kafin ya yarda. Ya yi aikinsa a kan kwamfuta, sannan ya kwafa a filash, maimakon ya riƙa rubutu kai tsaye a cikinsa. Ya umarci kwamfuta ta sallame shi kafin ya zare. Ya ware guda ɗaya don shagon buga takardu, wanda ba komai a ciki sai abin da za a buga, ya bincike shi da manhajar rigakafi in ya dawo. Bayanan mutane ya kulle su da kalmar sirri, tsintacce kuma kada ya kusanci kwamfutarsa. Kafin ya fita da filash daga gida, ya tambayi kansa: in wannan ya faɗi a hanya yau, me na rasa? In amsar ita ce kuɗin sayen wani kawai, to ya ajiye ɗan aike a matsayinsa. In kuwa amsar ita ce aikin shekara huɗu, ko hotunan mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, to ya koma ya zauna ya yi kwafi tukuna, tafiyar ta jira.