Abin da Jini Ke Tunawa Bayan Korona

Har yanzu idan hira ta biyo ta kan azumin 2020 a majalisun Gumel ko Maigatari, ba a rasa mai cewa: "Ni fa zazzaɓin nan da na yi, wanda ya ɗauke mini jin ƙamshi da ɗanɗano, anya ba ita ba ce?" Tambaya ce mai ma'ana. A daidai wannan lokaci ne Kano ta yi ta binne dattawa, har daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa suna da nasaba da korona. Amma mutanen karkara ƙalilan ne aka taɓa zura wa tsinken auduga a hanci. Shi kuwa wancan gwaji na hanci, wato PCR, ƙwayar cutar kanta yake nema, kuma idan mutum ya warke ta bar jikinsa, magana ta ƙare. Abin da ya rage sai jini.

Idan baƙuwar ƙwayar cuta ta shiga jiki, ko aka yi wa mutum allurar rigakafi, jiki yakan ƙera wasu sinadaran garkuwa da suka dace da siffar wannan ƙwayar, su manne mata su hana ta sakat. Ba nan take suke fitowa ba. Sukan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin su yi yawan da gwaji zai gan su. Akwai nau'in da ake kira IgM, wanda ba ya daɗewa, akwai kuma IgG, mai zama watanni a cikin jini. Su ne ma'aikacin ɗakin gwaji yake nema, ko dai da ɗigon jini daga ɗan yatsa a kan ɗan faranti irin na gwajin maleriya, ko da jinin jijiya da ake sa wa na'ura. Aikinsa ya yi kama da na mai bin sawu: zai gaya maka dabba ta bi ta nan, amma ba zai rantse maka tana nan ba, balle ya ce ba za ta dawo ba. Saboda haka mai tari da zazzaɓi yau ba wannan gwaji yake buƙata ba.

Inda gwajin ya yi rawar gani shi ne wajen ƙidayar jama'a. A watannin Satumba da Oktoba na 2020, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta NCDC da cibiyar binciken lafiya ta NIMR sun bi gida-gida suna ɗibar jini a jihohi huɗu. Suka tarar da alamar cutar a jinin kashi 23 cikin 100 na mutanen Legas da na Inugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gwambe. Ka tuna a lokacin ko allura ɗaya ba a yi wa kowa ba, domin sai 2 ga Maris 2021 kason farko na rigakafin AstraZeneca ya sauka a Abuja. Da aka maimaita irin wannan aiki a Kano a tsakiyar 2021, wajen mutum huɗu cikin goma ne aka samu da alamar. A Afrilun 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan bincike na nahiyar, ta ce zuwa Satumbar 2021 kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da cutar, adadin da ya ninka wanda aka rubuta a hukumance sau 97. Duk Nijeriya, waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su kai dubu ɗari uku ba. Masu cewa korona ba ta zo mana ba, jinin mutane ya ƙaryata su; ta zo, ta ratsa, galibi ba tare da ta kwantar da matasa ba. Wanda kuma ya san irin motocin da ke kai-komo tsakanin Kano da kasuwar Maigatari duk Alhamis, musamman bayan sake buɗe iyakar Nijeriya da Nijar a Disambar 2020, ba zai yi zaton ta tsaya a bakin iyakar jiha ba.

Matsala tana farawa ne idan mutum ɗaya ya riƙe takardar sakamakonsa yana son ta yanke masa hukunci: ina da kariya ko ba ni da ita? Takardar ba ta da wannan amsa. Babu wani adadi da masana suka amince cewa duk wanda ya kai shi ya tsira. Sinadaran suna raguwa da wucewar watanni, ita kuma ƙwayar cutar tana sauya kama. Nau'in Omicron da ya ɓulla a ƙarshen 2021 ya kama ɗimbin mutanen da jininsu ke cike da garkuwar da aka ƙera don nau'in farko, ko da yake yawancinsu bai kai su gadon asibiti ba. Tun Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi yarda a mai da wannan gwaji takardar izinin tafiya ko komawa aiki, kuma a Mayun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su auna ƙarfin rigakafinsu da shi.

Akwai wani tarko da ya shafi mutanen Jigawa kai tsaye, tunda jihar tana cikin waɗanda suka fi karɓar allurar. Rigakafin da aka fi yi a nan, wato AstraZeneca da Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson, duk suna koya wa jiki gane ƙayoyin da ke bayan ƙwayar cutar ne kaɗai. Wasu gwaje-gwajen kuwa garkuwar da aka ƙera don wani ɓangare na cikin ƙwayar suke nema, wadda ba ta samuwa sai ga wanda ya kamu da cutar. To sai a yi wa mutum allura biyu lafiya lau, ya je ya biya kuɗi a yi masa irin wannan gwaji, sakamako ya fito babu komai, ya dawo yana cewa ruwa aka ɗura masa. Alhali abin da aka nema daban, abin da allurar ta shuka daban.

Sai kuma maleriya, wadda ba ta barin komai ya tafi daidai a ƙasar nan. Masu bincike sun ɗauko jinin 'yan Nijeriya da aka adana tun 2018, kafin duniya ta san korona, suka gwada shi da gwaje-gwaje biyu na kamfanonin waje. Ɗaya daga cikinsu ya nuna alamar cutar a fiye da jini ɗaya cikin shida, kuma kuskuren ya fi yawa a jinin da ke ɗauke da garkuwar maleriya mai yawa. Gwajin da aka tabbatar da ingancinsa a kan jinin Turawa ba lallai ya yi daidai a Sule Tankarkar ko Gagarawa bayan damina ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gwajin Widal, da ake sa mutane shan maganin taifot a kansa ba ji ba gani, shi ma sinadaran garkuwa yake aunawa, kuma yakan tashi ga wanda ya yi cutar tuntuni ko mai zazzaɓin sauro. A ganina asarar kuɗi da ta magani da Widal ya jawo ta isa ta koya mana taka-tsantsan da ƙanensa.

Darasi mafi ban sha'awa kuwa daga raƙuma ya fito, kuma kowa ya san Maigatari kasuwar raƙuma ce, inda ake kawo su daga Nijar, da yawa su wuce mayankar Kano. Korona dangi ce, ba cuta ɗaya ba. Tana da 'yar'uwa mai suna MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, mazauninta jikin raƙumi, kuma ta kashe wajen ɗaya cikin uku na mutanen da aka tabbatar sun kamu. A 2015 masana daga Jami'ar Hong Kong tare da abokan aikinsu na Nijeriya sun gwada raƙuman mayankar Kano, suka tarar fiye da tara cikin goma suna da garkuwar MERS a jininsu, wasu ma da ƙwayar a hancinsu. Da aka juya kan mahautan da ke yanka su suna fiɗa kullum, ba a ga sinadaran garkuwar a jininsu ba. Da an tsaya nan, sai a ce cutar ba ta taɓa su ba. Amma aka zurfafa, aka duba wani rukuni na dakarun jiki da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda aikinsu farautar sassan jikin da cuta ta riga ta shiga. Cikin mahauta 61 masu hulɗa da raƙuma, an sami 18 da ƙwayoyinsu na T suka gane MERS. Sun haɗu da ita ke nan, jikinsu ya riƙe labarin, amma a wurin da gwajin jini na yau da kullum ba ya leƙawa. Haka abin yake a korona: waɗannan ƙwayoyi suna da babban hannu wajen hana cuta tsananta, kuma ɗan farantin nan bai san da zamansu ba.

Likita na iya neman gwajin don dalili na musamman, misali ga yaron da jikinsa ya rikice makonni bayan wani zazzaɓi da ake zargi, ko ga mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki. Ga dattijo mai ciwon suga ko hawan jini kuwa, shawarar ƙarin allura tana bin shekarunsa da lafiyarsa da tsawon lokacin da ya wuce tun allurarsa ta ƙarshe, ba lambar da ke kan takarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a Mayun 2023, amma ƙwayar tana nan tana yawo. Su kuma fataken raƙuma da dillalai da mahauta, da alhazan da ke sha'awar leƙa garken raƙuma a Saudiyya, shawarar da ake ba su ita ce a tafasa nonon raƙumi kafin a sha, a dafa namansa sosai, a wanke hannu bayan taɓa shi. Wanda tari da sarƙewar numfashi suka kama bayan ya yi hulɗa da raƙumi, ya gaya wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi, domin samfurin hanci da majinar ƙirji ne za su nuna abin da ke damunsa a ranar.